Giyar motar haibirid: ita ke rage shan mai ko batir? Ina neman shawara kafin in saya

Ma'aikacin Arkilla:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota, musamman masu tuƙa haibirid, wato mota mai haɗa injin fetur da na lantarki, a nan Sakkwato da masu gyaranta.

Ina zaune a Arkilla, wurin aikina kuma yana can hanyar jami'a, wajen Dundaye. Kullum sai na sauke yara a makaranta cikin gari kafin in wuce, ka ga ke nan ba ni da makawa sai na bi ta Gawon Nama da shataletalen Dandima a daidai lokacin da 'yan kabu-kabu da masu keke napep suka cika titi. Tafiya ce ta taka birki, saki, sake takawa. Ƙarshen wata kuma ina zuwa Birnin Kebbi gaishe da mahaifiyata. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, tsohuwar Camry ɗina ta zama ita ce ta fara cin albashi kafin kowa a gidan. Shi ya sa na yanke shawarar in sayar da ita in cika in sayi haibirid.

Motoci biyu na gani a hannun dillalai: Camry haibirid ta 2012 da Hyundai Sonata haibirid ta 2011. Da na gwada Camry ɗin, abu biyu suka dame ni. Ban ji ta canza giya ko sau ɗaya ba. Sannan da na taka totur sosai a kan titin Kalambaina, sai injin ya ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya, mota tana ƙara gudu amma ƙarar ba ta sauya ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai kulocin da ya cinye ya san wannan sautin. Sonata kuwa tana shiga giya ɗaya bayan ɗaya yadda na saba.

Bakanikena ya ce in guji Camry ɗin, wai CVT ce, irin giyar da ba ta da matakai, bel gare ta, zafin garin nan zai gama da ita. Dillalin kuma ya ce giya ba ruwanta da shan mai, batir ne ke yin komai. To wa zan bi? Wace irin giya ce a cikinta, kuma da gaske tsarin giyar yana da hannu a yawan man da mota ke sha? Kuɗin da zan zuba ba na wasa ba ne, don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla.

Injiniyan Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam Malam. Bakanikenka yana maganar CVT mai bel, irin wadda ke cikin wasu motocin Nissan da tsohuwar Civic haibirid. Ba ita ce a cikin wannan Camry ɗin ba. Idan aka kwance giyabos ɗinta ba za ka ga bel ba, ba fuli, ba kulocin canza giya, ba kwanbata, wato abin da ke haɗa injin da giyar otomatik ta hanyar mai. Abin da za ka gani injinan lantarki ne guda biyu, ƙarami da babba, da haƙoran da suka haɗa su da injin fetur.

Ga yadda haƙoran suke. Akwai ƙarami a tsakiya. Wasu ƙanana suna zagaya shi, dukkansu a kan mariƙi guda. Sai babban zobe mai haƙora ta ciki ya kewaye su baki ɗaya. Injin fetur shi ke juya mariƙin. Ƙaramin injin lantarki yana haɗe da na tsakiya. Zoben kuma shi ke kai ƙarfi ga tayoyi, babban injin lantarki yana tura shi tare. A Prius, wata haibirid ta Toyota, zoben yana da haƙora 78, na tsakiya 30, don haka ƙarfin murɗawar injin fetur kullum kashi 72 cikin ɗari yana bi ta zobe, kashi 28 yana tafiya wajen ƙaramin injin lantarki. Shi kuma ya mayar da rabonsa wuta, wutar ta tafi babban injin ko ta shiga batir. Camry tana da saitin haƙora na biyu, amma aikinsa kawai rage gudun babban injin don ya ƙara ƙarfi. Haƙoran nan a haɗe suke koyaushe, babu abin da ke shiga ko fita. Ko ribas ma babu giyarsa, babban injin lantarki ne ke juyawa da baya. Toyota ta fito da wannan tsari a Prius ta farko a Japan a 1997, kuma har yau a kansa take gini.

Yanzu ga inda mai ya shigo. Injin fetur yana da wani yanki na gudu da nauyi inda yake cin moriyar mai sosai. Wajen wannan yankin, musamman idan yana aiki ba nauyi ko mota tana rarrafe, yawancin man zafi kawai yake zama. A mota ta gama-gari injin a ɗaure yake da tayoyi ta giya biyar ko shida, duk yadda taya ta yi haka zai bi. A wannan tsarin kuwa, kwamfuta tana sauya gudun ƙaramin injin lantarki, da haka take zaɓa wa injin fetur gudun da ya fi dacewa ko da wane gudu motar take yi. Idan ba a buƙatarsa ta kashe shi, mota na tafiya. Ƙarar da ka ji a titin Kalambaina ke nan: ka nemi ƙarfi, ta kai injin inda ƙarfin yake ta riƙe shi a can, gudun mota ya biyo baya. Babu abin da ke zamewa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Injin fetur ɗin kansa daban ne. Ana barin bawul ɗin shigar iska a buɗe ya ɗan daɗe, tsarin da ake kira Atkinson. Irin wannan injin yana tsimin mai, amma ba shi da ƙarfi lokacin tashi. A mota ta gama-gari zai ba ka haushi. A nan babban injin lantarki ne ke ɗaukar nauyin tashi, shi ya sa ya yiwu. Toyota ta ce injin Prius na 2015 yana mayar da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikin mai ya zama aiki, wanda babban abu ne ga injin fetur. Ba don taimakon injin lantarki ba, da irin wannan injin bai yi daɗin tuƙi ba.

Maganar dillali kuwa, rabi ya faɗa. Wannan motar ba a jona ta da wutar gida, duk ƙarfin da ke cikin batirin daga fetur ya samo asali, ko kai tsaye daga injin ko daga abin da aka ƙwato lokacin taka birki. Batirin Camry ɗin kusan kilowat-awa 1.6 yake ɗauka, bai ma kai batirin sola ɗaya mai 12V 200Ah da ke gidajenmu ba, wanda ke ɗaukar 2.4. Ma'ajiya ce ta ɗan lokaci. Giyar ce ke yanke lokacin da za a zuba da lokacin da za a ɗiba.

Amma tsarin yana da inda yake rauni, kuma ya kamata ka sani. Ƙarfin da ya bi ta hanyar lantarki sai ya zama wuta, ya ratsa inbata, ya sake zama juyi. Kowane mataki yana cin wani abu. A cikin gari ribar ta rufe wannan asarar nesa ba kusa ba. A doguwar hanya kuwa ba birkin da za a ƙwato, injin ba ya mutuwa, sai ribar ta ragu. Alkaluman gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna haka ƙarara. Idan muka mayar da su lissafinmu, Camry haibirid ta 2012 tana yin kusan kilomita 18 da lita ɗaya a gari, 16.5 a babbar hanya. 'Yar uwarta marar haibirid mai injin 2.5 tana yin kusan 10.5 a gari, 15 a hanya. Dubi tazarar gari, sannan ka dubi ta hanya. Ba za ka samu waɗannan alkaluman daidai ba a nan da esi a kunne da motar da ta shekara goma da wani abu, amma yanayin tazarar haka zai kasance.

Sonata tsarinta daban. Giya ce ta otomatik mai shida, aka cire kwanbata aka sa injin lantarki ɗaya a gurbinsa, da kuloci tsakaninsa da injin fetur. A hanya ƙarfin injin yana zuwa taya kai tsaye ba tare da ya zama wuta ba, shi ya sa ta fi tsimi a hanya fiye da gari: kusan 14.5 a gari, 16.5 a hanya. Injin lantarkinta kilowat 30 ne, na Camry 105, ka ga wadda za ta fi ƙwato wuta da ɗaukar nauyin tashi a cunkoso. Ga irin tafiyarka ta Gawon Nama da Dandima kullum, Birnin Kebbi sau ɗaya a wata, ni Camry zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Bakaniken Buzaye:

Salamu alaikum. Injiniya ya gama magana ga abin da ya shafi ciki, ni abin da muka gani ga gareji za ni ƙara.

Alhaji, haibirid ɗin Toyota da aka kawo muna, da wuya ka ji matsalar daga giya take. Mai mota ya kan zo ya ce ta fara shan mai, injin ba ya mutuwa ga tsayuwa, ko shakka babu giya ce. In munka duba sai mu iske fankar batir ce. Batirin nan iskar cikin mota ke sanyaya shi, akwai ƙofar da yake shaƙa ta gefen kujerar baya ko bayanta, ya danganta da ƙirar. Bayan hunturu in ka buɗe fankar za ka iske ƙura ta haɗu da gashi da zaren darduma ta daskare tsakanin fikafikan, sai mun sa tsohon burushin haƙori mun bi su ɗaya-ɗaya, sannan mu hura da iska. Wani kuma fankar lafiya lau, buhun kaya ne ko babbar rigar wanda ke zaune baya ta toshe ƙofar. Da batir ya yi zafi kwamfuta ta kan rage aiki da shi don kar ya lalace, sai nauyin duka ya koma ga injin fetur. To ga watan Afrilu da Mayu, zafi ya wuce 40, mi kake tsammani? Wagga mota esi ba jin daɗi ba ne kawai gare ta, batir ma da shi yake rayuwa.

Sai man giya. Wanda anka rubuta mata shi ne ATF WS, bai kai lita 4 ba, a zuye tsohon a zuba sabo, ba wani tace da za a canza. Sabo ja ne garau, wanda muke zuyewa ga motocin da sunka sauka daga waje sau da yawa ya yi duhu. Kar ka bari a zuba mata man CVT mai bel don an ji sunan. Man nan yana wanka da wayoyin injinan lantarki, shi ke ɗauke musu zafi. Haka kwamfaresan esi, na lantarki ne, mainai daban ne, ND-11. In mai cika gas ya zuba na gama-gari, yana iya jawo wuta ta riƙa zurarewa motar ta ƙi tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne firi. Direbobinmu sun saba in an zo gangara ko tsayuwa a jefa mota N don tsimin mai. Ga wagga mota hasara ce tsantsa. In tana N batir ba ya caji, ko daga injin ko daga birki. Ka tsaya cunkoso da esi ka sa N, batir na ta sauka ba mai mayar masa. Ka bar ta D ka taka birki, in tsayuwar ta yi tsawo ka sa P. B ɗin da ke jikin sandar giya kuma ba batir ba ne, na doguwar gangara ne, injin ke riƙe mota. Ba mu da irin wannan gangarar cikin gari, kar ka yi yawo da shi.

In ta mutu ga hanya kar a ja ta da igiya tayun gaba na ƙasa, a ɗauke ta bisa mota. Wayoyi masu ruwan lemo kuma yaro kar ya taɓa, wutar da ke ciki ta wuce volt 200.

Direban Hanyar Gusau:

Yallaɓai, ni ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Na yi wa wani maigida tuƙi da Prius, hanyarmu Sakkwato zuwa Gusau zuwa Zariya. Daga Shuni ka miƙe, mutum huɗu a ciki, but cike da kaya, esi a kunne, ga shi hanyar ba wadda ake son yin sanyin ƙafa a kanta ba ce. Wallahi abin da take sha bai yi nisa da Corolla mai lafiya ba. Kuma in za ka wuce tirela ƙarar nan tana damun fasinja, sai sun tambaya ko lafiya. Ga tsadar saye, ga batir da ke jiranka wata rana. Wanda aikinsa hanya ne, ni ban ga abin da zai kai shi ba. In ma haibirid ɗin dole ne, gara mai giyar gaske irin Sonata da kuke magana.

Maman Yara, Mabera:

Assalamu alaikum. Prius ta 2010 nake tuƙawa, duk zirga-zirgata cikin gari ce, makaranta, Babbar Kasuwa, asibiti. Abin da Baban Buzaye ya faɗa kan fanka gaskiya ne, tun da aka wanke tawa na ga bambanci. Abu ɗaya zan ƙara wa mai tambaya. In ka tada ta da safe injin yana kamawa ya yi ta aiki har ya ɗumama, ko kana tsaye. To in tafiyar 'yar gajeruwa ce, daga gida zuwa bakin titi ka dawo, ba za ka ga tsimin ba. Sai na koma haɗa aike-aikena a fita ɗaya. Kuma birki a hankali tun daga nesa ya fi cika batir, akwai alama a gaban sitiyari da ke nuna maka lokacin da take caji. In ka danne birki da ƙarfi, na taya ne ke kamawa, wannan ƙarfin ya tafi ke nan.

Ma'aikacin Arkilla:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Injiniya, maganar direba ta tsaya mini a rai. Akwai yiwuwar a mayar da ni ofishinmu na wata ƙaramar hukuma, in haka ta faru tafiyata za ta koma ta hanya kusan kullum. A wannan halin shawararka za ta sauya? Kuma me zan duba a jikin kowace kafin in biya?

Injiniyan Runjin Sambo:

Direba ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, kuma alkaluman da na kawo suna bayansa. Sai dai ba giyar kaɗai ke da laifi ba. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Daga kilomita 100 a awa zuwa 140, ƙarfin da iska ke tura mota baya ya kusa ninkawa biyu. Babu tsarin giyar da zai hana wannan. Ƙari a kan haka, a tsofaffin Prius da zarar ka wuce kusan kilomita 70 a awa dole injin fetur ya riƙa juyawa, don kada ƙaramin injin lantarki ya wuce iyakar gudunsa.

Masu ƙera motocin sun san da wannan raunin. Honda a Accord haibirid da ta fito a 2013 ta bi wata hanya: a gari injin fetur wuta kawai yake samarwa, lantarki ke tuƙa taya, da an hau gudun babbar hanya sai kuloci ya haɗa injin da tayoyi kai tsaye. Toyota ma a Prius ta 2015 ta sake jera injinan lantarkin, ta cire saitin haƙora na biyu ta sa masu sauƙi, don rage abin da ke ɓacewa a cikin giyabos.

In tafiyarka ta koma hanya zalla, Camry haibirid da Sonata kunnen doki suke a mai, Camry marar haibirid kuma tana biye da su kusa, ga ta da arhar saye. A nan sai ka zauna da biro ka lissafa ko ragin kusan lita ɗaya da rabi a kowane kilomita 250 zai biya maka bambancin kuɗin. Tsakanin haibirid biyun kuwa har yanzu Camry nake so, don dalilin gyara. Sonata tana da kuloci, da giya shida masu faifai da ke cinyewa, da wani ƙaramin janareta mai tada injin wanda bel ke juyawa, in bel ɗin ya tsinke mota ta tsaya. Camry ta 2012 ko bel ɗaya babu a jikin injinta, famfon ruwa da esi duk na lantarki ne. Kanikawanmu kuma sun fi sabawa da Toyota, kayanta sun fi samuwa.

Kafin ka biya, a jona mata kwamfuta a karanta ƙarfin kowane rukuni na batirin, a tsaye da kuma lokacin da ake tafiya. In wani rukuni yana faɗuwa ƙasa da sauran da an taka totur, batirin ya kusa. A buɗe gaba a duba ƙaramin tankin ruwan inbata, daban yake da na lagireto, in mota tana kunne ya kamata ka ga ruwan yana motsi. Sonata kuma ka gwada ta a cunkoso, ka saurari ko tana fizga lokacin da injin fetur ke shigowa.

Bakaniken Buzaye:

Alhaji in ka shirya ka taho da ita da safe, kwamfutar na nan. Ka ce ma dillali kar ya tada ta kafin ka iso, muna son mu ji yadda injin ke kamawa da sanyi, kuma a bar muna kujerar baya ba kaya don mu kai ga fankar.